Ranar Da Bappa Ya Aurar Da Ni A Cikin Fim

Masu karatu, ku gyara zama, wanda yake shan ruwa kuma ya ajiye kofin tukuna. Abin da zan ba ku yau, har yanzu idan na tuna shi ban san ko dariya ya kamata in yi ba, ko ƙara zan kai.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saliha, 'yar garin Mutum Biyu. A gida Rediyo ake kirana, don tun da na iya magana ba a taɓa kama ni baki rufe ba. Babanmu ya rasu ina ƙarama. Ƙaninsa da ke Jalingo, wanda muke kira Bappa, shi ne uban da ya rage mana.

A shekarar 1997, ruwa na ɗaukewa, Dada mahaifiyata ta haɗa mini kaya a jaka ta ce in je gidan Bappa in sha iskar birni. Na san wannan iskar. Ƙanwata tana da mai nema, danginsa sun gaji da sintiri, Dada kuma ta ce ba za ta aurar da ƙanwa ta bar ya a ɗaki ba. Safe da yamma waƙar ɗaya ce: “Saliha, ki fito da miji.” Sai ka ce a ƙarƙashin gado na ɓoye shi.

Gaskiya akwai wanda nake so. Hayatu sunansa, ɗalibi a kwalejin horon malamai da ke Jalingo. An taɓa turo shi garinmu koyon koyarwa, ya sauka kusa da gidanmu. Kullum da la'asar sai ya zo ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, in fito da kwalli da turare, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, “Bana masara ta yi kyau.” In ce ta yi. Ya ce, “Amma an ce za ta yi tsada.” In ce Allah ya sawwaƙe. Daga nan ni zan riƙe hirar har magariba, ya tashi ya tafi. Haka muka ƙare zangon nan kaf. Bai taɓa cewa yana sona ba, bai kuma taɓa fashin zuwa ba. Ku gaya mini, mutumin nan zan kai wa Dada in ce ga miji, ko kuwa malamin gona?

Gidan Bappa a unguwar Barade yake. Goggo matarsa ta ba ni ɗakin da ke kusa da rumbu, ta kuma sa ni gaba da tambaya a dabarance har sai da na amayar mata da zancen Hayatu tas, har da masarar. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin zane. Na roƙe ta kada Bappa ya ji. Ta ce, “Haba, ni da ke?”

Ana nan sai Lucy, 'yar maƙwabtansu, ita ma ɗalibar kwalejin, ta leƙo ta katanga wata Juma'a.

“Rediyo! Gobe muna ɗaukar fim a Sintali. Ni ce amarya. Za ki zo kallo?”

“Fim kamar na kaset? Ku da kanku?”

“Mu da kanmu, ƙungiyar wasan kwaikwayon makaranta. Mun yi hayar kyamara wurin mai ɗaukar biki. Kin san wa zai aure ni?” Ta kashe ido. “Wani mai suna Hayatu.”

Na ce, “Wane Hayatu? Wanda na sani ba ya magana.”

“Shi ya sa aka zaɓe shi. Ango ai ba ya magana a wurin ɗaurin aure. Zama kawai zai yi ya yi kyau.”

Washegari na ciro atamfata shuɗiya mai zanen tsuntsaye, na yi ɗauri mai hawa biyu, na yafa gyale ruwan hoda, na sa takalmin da Dada ke cewa wata rana zai karya ni. Ina fitowa tsakar gida na tarar da Bappa tsaye cikin farar shaddarsa ta Idi, babbar riga har ƙasa, hula a karkace, ƙamshin turarensa ya cika gidan.

“Bappa, ina zuwa haka?”

“Raka ki zan yi. 'Ya mace ba ta shiga taron samari ita kaɗai.”

“Amma kallon fim za mu, ba Idi ba.”

Ya gyara hannun riga ya ce, “Mutum ya san inda za shi, bai san wanda zai gani ba. Wuce mu tafi.”

A Sintali, ƙofar wani gida ce mai bishiyar mangwaro, kusa da ƙaramin masallaci. An shimfiɗa tabarmi, an zuba goro da alawa a faranti. Unguwar gaba ɗaya ta fito, masu sayar da rake da masu acaɓa, mata a kan dakali da goyonsu. Wani ya hau benci riƙe da kyamara a kafaɗa, baƙa, ƙatuwa kamar akwatin keken ɗinki. Wani kuma yana riƙe da murfin kwalla yana haska rana a fuskar mutane. Ni da nake zaton fim a wani gida na musamman ake yin sa, sai ga shi a gaban kwata, awaki na ratsawa.

Shugaban aikin Andrawus ne, wani siriri mai usur a wuya da tawul a kafaɗa. Hausarsa irin ta gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ba shi da rubutaccen labari, duk a kansa yake. Tsarinsa guda ne: kowa ya yi abin da ya saba yi a gida. Shi ya sa ya bar Hayatu da sunansa, ya ɗauko yayansa Manga, wani direban tifa mai faɗin ƙirji, ya ce shi ne wakilin ango. Ya kuma lallaɓo limamin masallacin, Malam Maliki, ya zo ya yi huɗuba don abin ya yi kama da gaske.

Sai na hango Hayatu. An sa masa riga mai aiki da hula zanna, yana zaune kamar wanda aka kawo asibiti. Idonmu ya haɗu. Ya buɗe baki, ya rufe. Na ce a raina, yau ko masarar ma ba zan samu ba.

Matsalar da ta tsayar da aiki ita ce uban amarya. Wani ɗalibi ne aka manna wa gemun auduga da kamun koko. Rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa kamun, da ya buɗe baki sai gemun ya zamo. Aka manna, ya zamo. Na uku sai iska ta ɗauke shi, akuya ta bi shi da gudu. Mutane suka fashe da dariya, mai kyamara ya yi ihu daga kan benci cewa batir ya kusa mutuwa, kuma ba wuta a unguwar.

Andrawus ya dafe kai yana juyawa, sai idonsa ya sauka kan gemun Bappa, fari tas, na Allah.

Ya durƙusa. “Baba, don Allah ki taimake mu. Ki zauna nan ki zama baban amarya. Abu kaɗan ne. Sunan yarinya Ladi. In an roƙa, ki ce kin ba.”

Na jira Bappa ya yi masa faɗa. Mutumin da ko rediyo ba ya bari a kunna masa waƙa. Sai na ga ya tattare riga, ya cire takalmi, ya hau tabarma.

“Ladi ko?” in ji shi.

“Ladi, Baba.”

Lucy, da ke gefena cikin leshi da gwaggwaro tana jiran nata fitowar, ta raɗa mini, “Kin ga babana? Yau mun zama 'yan gida ɗaya.”

Aka hura usur, kowa ya yi tsit. Manga ya gyara murya ya ce yana nema wa ƙaninsa Hayatu aure, ya miƙa wani ƙunshi. Bappa ya buɗe, ya ga tsohuwar jarida ce aka yayyanka. Ya tura ta gefe da ɗan yatsa.

“Ni ba a ba ni takarda a kan 'yata.”

Andrawus yana ta yi wa Manga alama da hannu ya ci gaba, kada a ɓata kaset. Manga ya sa hannu aljihu, ya zaro kuɗin mansa na gaske, ya ajiye. Bappa ya nuna wa jama'a, ya ce su shaida. Sannan ya ɗaga murya, irin muryar da yake kiran yara da ita daga ƙarshen layi, ya ce:

“Na ba Hayatu auren 'yata Saliha, 'yar wana marigayi.”

Manga ya ce, “Na karɓa masa.”

Malam Maliki ya yi salati, ya yi addu'a, aka shafa fatiha. Masu kallo suka yi wa goro da alawa wawaso. Andrawus ya yi tsalle yana cewa, “Kat! Ya yi! Baba, kin iya!”

Ni kuwa kunnena ne ya yi wani ɗif. Lucy ta damƙi hannuna. “Rediyo, me na ji?”

Malam Maliki bai tashi ba. Yana riƙe da goronsa, ya dubi Andrawus. “Yaro, ba Ladi ka ce ba?”

“Ladi, Saliha, duk ɗaya ne, Malam. Za mu canja sunan a labari.”

“Wace ce Saliha?”

Ban san wanda ya fara nuna ni ba, amma sai na ga yatsu sun yi mini caa. Malam ya dube ni, ya dubi Bappa.

“Alhaji, wannan 'yarka ce ta gaske?”

“'Yar wana ce. Ni ne waliyyinta.” Bappa ya shafa gemu. “Af. Sunanta na faɗa? Tsufa ke nan. Na daɗe ina jiran ranar da zan faɗi wannan magana, bakina ya riga ya saba.”

“Kai kuma,” Malam ya juya kan Manga, “wannan ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya?”

“Ni na goya shi.”

“Kuɗin nan naka ne?”

“Na man tifa ne, Malam. Ina so a mayar mini in an gama.”

Malam ya ajiye goro ya yi salati, wannan karon a hankali. Ya ce, “Jama'a, ba a gama ba. Akwai abubuwan da wasansu gaske ne, aure yana cikinsu. Ga waliyyi na gaske, ga ɗan'uwan ango, ga sadaki, ga shedu sun fi na wani auren da na ɗaura jiya. Ni dai ba zan iya tashi in ce ba a yi komai a nan ba.”

Wuri ya kaure. Wani mai rake ya ce ai niyya ake dubawa. Wani tsoho ya ce wace niyya, an shafa fatiha, shi har ya cinye goronsa. Andrawus ya riƙe kai yana cewa, “Malam, fim ne fa! Jiya mun kashe mutum a Kachalla Sembe, yanzu ga shi can yana shan rake!”

“Mutuwa ba a yin ta da baki,” in ji Malam. “Aure da baki ake yin sa.”

Lucy ta cire gwaggwaro ta riƙe ƙugu. “To ni fa? Tun asuba nake kwalliya, an ƙwace mini miji ko fitowa ban yi ba! To ya sake ta mana, kowa ya huta, mu ci gaba da aiki.”

Nan bakina ya dawo. Na ce, “Ya saki wa? In koma Mutum Biyu bazawara, ko lalle ban gani ba? Dada ta ce in fito da miji, in je in ce mata na samu amma na bar shi a Sintali?”

Aka sake fashewa da dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba. Kun san garinmu. Kafin in hau mota labari ya riga ni isa, kuma ba wanda zai ce fim ne. Sannan ga abin da ya fi damuna: abin da na daɗe ina roƙon Allah, ga shi an miƙo mini a faranti, amma kamar tsintuwa. Idan na ɗauka, nawa ne? Ko kuwa zan zauna da mutumin da kunya ce kawai ta hana shi cewa a'a?

Malam ya ɗaga hannu. “Ba sai an kai ga saki ba. Alhaji ba shi ya haife ta ba, ba ya aurar da ita sai da yardarta. Yarinya, matso nan.”

Na matsa, tsinin takalmina na nutsewa cikin yashi.

“Ki saurara da kyau. In kin ce ba ki yarda ba, magana ta mutu a nan, ba aure ba saki, kowa ya kama gabansa. In kuwa kin yi shiru, to ki sani shirun budurwa yarda ce. Kin gane?”

Lucy ta ce, “Shiru? Wannan? Malam, ai an gama, ba aure.”

Na ce, “Na gane, Malam. Amma kafin in yi shiru ko in yi magana, a tambayi wancan. An tambayi yayansa, an tambayi kuɗin mai, har akuya ta samu rabonta, shi ba a ji bakinsa ba. Ni ba zan shiga gidan mutum don kuskuren harshe ba.”

Malam ya gyaɗa kai. “Gaskiyarki. Kai ango, ka amince da abin da yayanka ya karɓa maka?”

Duk ido ya koma kan Hayatu. Andrawus ya raɗa wa mai kyamara, “Kunna, kunna, kar ki kashe!” Hayatu ya miƙe, hular ta zame, ya cafe ta. Gumi ya jiƙa wuyan rigar aro. Ya dubi ƙasa, ya dubi mangwaro, ya dubi Manga.

Manga ya ce, “Yi magana, ɗan'uwa, tifa na jirana.”

Hayatu ya gyara tsayuwa. Sai ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a zauren gidanmu.

“Saliha,” ya ce, “ni ban taɓa noma ba.”

Wani ya ce, “Me ya ce?”

“Ban san komai a kan masara ba. Ko tuwonta ba na so. A hanya nake tambayar mutane yadda take, don in samu abin da zan faɗa in na zo.” Bai tsaya nan ba. “Kullum da maganar nake fitowa daga gida, in na gan ki sai ta gudu. Malam, na amince. In ma ba a ɗaura ba, a sake ɗaurawa. In kuma ba ta so, ta faɗa, ba zan riƙe ta da kuskure ba.”

Daidai nan mai kyamara ya sauke ta daga kafaɗa ya ce batir ya mutu tun a kan masara. Don haka ba ni da shaida a kaset, sai dai ku yarda da ni.

Malam ya juyo. “To, yarinya?”

Masu karatu, ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Magana ta cika mini baki har tana ƙaiƙayi. Ina so in ce masa, ashe kana da murya? Ina so in ce, duk turaren da na ƙona a banza fa? Ina so in ce wa Lucy ta rufe baki ƙuda zai shiga. Na ja gyalena na rufe fuska, na cije leɓe, na ƙura wa yatsun ƙafata ido.

Unguwa ta yi tsit, har ana jin kukan akuyar nan a bayan masallaci.

Bappa ne ya fara magana, a hankali. “Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin irin wannan ba.”

Sai Lucy ta rangaɗa guɗa, matan kan dakali suka amsa. Manga ya dubi kuɗinsa a gaban Bappa ya ce, “Shi ke nan, tifa ta kwana.” Andrawus kuwa ya zauna a kan benci yana cewa yanzu dole ya sake labarin gaba ɗaya, don ba zai iya aurar da mijin wata ga Lucy ba.

Ni da Bappa muka kama hanyar komawa Barade. Shi yana gaba yana taku ɗai-ɗai, ni ina baya riƙe da takalmina a hannu, ina tunanin yadda za a gaya wa Dada. Har tausayinsa na ji, tsoho ya yi tuntuɓen harshe a gaban jama'a.

Muka yi sallama muka shiga gida. Goggo tana zaune a gindin rumbu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, a gabanta ga wani kwano an rufe da faifai. Ba ta tambaye mu yadda kallo ya kasance ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Zo ki zauna, miƙo ƙafar.”

Ta ɗaga faifan. Lalle ne.

Ku mata kun sani, lallen da aka kwaɓa yanzu kore ne shar. Wannan kuwa ya tsumu, samansa ya yi duhu, ƙamshinsa ya fito sosai. Lallen da aka kwaɓa tun safe ne, tun kafin mu fita. Gidan Bappa ba tarho, ba kuma wanda ya riga mu isowa.

Na juya a hankali na dubi Bappa. Yana cire babbar riga, ko kallona bai yi ba.

“Goggonku, a ba ni ruwa,” ya ce. “Ashe wasan kwaikwayon nan akwai wuya.”

To ku masu karatu ku raba mini wannan gardama, don ni ta fi ƙarfina. Tarkon da aka ɗana maka aka bar ƙofarsa a buɗe, aka ce in ka so ka fita, kai kuma ka ƙi fita, sunansa tarko?

Na buɗe baki zan yi tambaya. Goggo ta kama diddigena ta dangwala lallen, sanyinsa ya ratsa ni har ka.

“Yi shiru,” ta ce. “Ai an ce kin iya.”